Minti 15 gaban mutanen da ba na gani

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli. Na fara da ƴan CI a ƙauye, cikin ajin zana, na dawo gari, yanzu kuma ina makarantar horon malamai, ina koya wa samari da ƴan mata yadda ake tsayawa gaban aji. Da wani ya ce mini wata rana magana za ta gagare ni gaban jama'a, da na yi masa dariya. Ranar ta zo, kuma a ɗakina ta same ni, ina zaune gaban kwamfuta, ƙofa a rufe.

Tun annobar korona ta 2020, lokacin da aka rufe makarantunmu daga watan Maris zuwa farkon Yuni, tarurruka da yawa suka koma intanet, wasu kuma ba su sake dawowa zaure ba. Ga irinmu ƙananan malamai na cikin ƙasa, wannan ƙofa ce ta buɗe. Babu mai biya mana kuɗin jirgi zuwa Dakar, kuɗin motar Yamai ma sai an yi lissafi. Saboda haka da na ga sanarwar wani taron masu bincike da malamai na ƙasashen Afirka ta Yamma kan koyon karatu a azuzuwan farko, na aika taƙaitaccen bayanin aikina. Aka karɓa, aka ba ni minti 15.

Aikin nawa ba wani babba ba ne. Lokacin da ɗalibaina ke fita koyon aiki a makarantun firamare, na roƙi kowannensu abu guda. In yaro ya karanta abin da ke allo daga farko zuwa ƙarshe, a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya ko daga ƙarshe, ko a rubuta ta ita kaɗai a ɗan allonsa, a ce ya karanta. Abin da suka dawo da shi daga aji zuwa aji ya tayar mini da hankali. Yara da yawa da ke zuba karatu kamar ruwa, da an ware musu kalma sai su yi tsit. Kunne ne ya riƙe jimlar, ido bai san harafin ba. Hadda suke yi, mu kuma muna ba su maki na karatu. Ɗalibaina sun rubuta wannan duka cikin littattafansu, wasu sun je makarantun a kabu-kabu, wasu a ƙafa, cikin hunturu.

Wannan ne na ɗauko zan kai gaban masana. Sai na shirya shafi 38 na nuni, kowanne cike da rubutu har ƙasa. A tunanina, mutumin da ba shi da babban digiri dole ya nuna ya yi karatu.

Tun kafin in buɗe baki na fara kuskure. An rubuta ƙarfe 10 agogon Dakar, ni kuwa na shiga ƙarfe 10 agogonmu, na manta suna bayanmu da awa guda. Na zauna ina jira, kyamara a buɗe, kuɗin intanet na tafiya. Watan Afrilu ne, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, batirin kwamfutar ya fara sauka tun ba a kira sunana ba. Taga tana bayana, don haka fuskata ta zama baƙin inuwa.

Da aka ba ni magana, sai na fara da tarihi. Na ba da labarin makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973 don koyarwa da Hausa. Na bi ta kan dokar tsarin ilimi ta 1998 da ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Daga nan na shiga ma'anar kalmomi. Duk gaskiya ne, amma babu wanda ya shigo taron don ya ji su, kuma karantawa nake yi daga fuskar kwamfuta, layi bayan layi. Shugabar zaman ta rubuto mini cewa saura minti biyu, ban gani ba. Ina shafi na 14 ta katse ni cikin ladabi. Abin da muka gano game da yara yana shafi na 29.

Ta tambaya ko akwai mai tambaya. Na dubi fuskar kwamfuta, ƴan akwatuna baƙaƙe ne jere, kowanne da suna a ƙasa. Babu wanda ya ce uffan. Aka kira na gaba.

Washegari wata ɗalibata, wadda ta fi kowa cika littafinta, ta tare ni bakin aji ta ce, "Mushe, me suka ce kan aikinmu?" Na ce sun gode. Ta yi murmushi ta wuce. Ni kaɗai na san ba su ma ji aikin ba. Wannan ya fi kunyar taron yi mini ciwo. Yaran nan sun sha ƙura sun kawo mini abin da ya kamata a ji, ni na binne shi ƙarƙashin shafuka.

Bayan mako guda aka turo mana bidiyon zaman. Na daure na kalla tare da ƴata da ke kwaleji. Ba a yi minti uku ba ta ce, "Baba, wa kake karanta wa? Ai ba haka kake magana ba in kana koya mana a gida." Gaskiya ta faɗa. Da ɗalibina ne ya ba da darasi haka gabana, ya juya wa yara baya yana karanta allo, da na ce ya sake shiri.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa malami ya manta aikinsa da ya zauna gaban kyamara. Amsar da na samu ita ce, a cikin aji yara ne ke gyara mu ba mu sani ba. Wani ya yi hamma, sai ka ɗaga murya. Wata ta yamutsa fuska, sai ka sake misali. Fuskokinsu ne linzaminmu. A intanet an cire linzamin, sai tsoro ya sa mutum ya fake bayan takarda. Ga shi kuma mai sauraro ba ya daure maka. A zaure kunya na riƙe mutum a kujerarsa ko ya gaji. A intanet ya rufe kyamara, ya buɗe WhatsApp, ya tafi sha'aninsa, sunansa na nan jere kamar yana ji.

Sai na tuna kakata. Da dare take yi mana gatana a tsakar gida, babu fitila, ba ta ganin fuskar kowa, amma babu mai motsawa. Ba ta yin dogon shimfiɗa, nan da nan Gizo ya shiga matsala. Takan sauya murya, ta yi shiru inda ya kamata, ta kira sunan wanda take zaton barci ya fara ɗauka ta tambaye shi abin da zai faru. Na tuna kuma yadda mahaifina ke zama da rediyo a kunne, mai magana yana wata ƙasa amma ya riƙe shi. Nan na gane cewa magana a intanet ta fi kusa da gatanar dare da rediyo bisa ga darasin aji. Wanda ba ya ganin masu sauraronsa, sai ya yi tunaninsu tun wajen shiri.

Bayan wasu watanni masu taron suka shirya ƙaramin zama, na roƙi a sake ba ni dama, aka ba ni. Wannan karon na fara shiri da ɗan allon ɗana na CP. Na ce abin da nake so mutane su tafi da shi dole ya shiga wannan allon, in bai shiga ba, ban gama tunani ba. Na goge na sake har sau da yawa, daga ƙarshe ya rage jimla ɗaya: yaro na iya faɗin shafi duka bai karanta kalma ɗaya ba. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba na cire shi, har da tarihin da nake alfahari da shi.

Shafi 38 suka koma 7. Kowanne hoto ɗaya ko gajeren layi ɗaya da manyan haruffa, domin na lura da yawa a wayar salula suke bin taro, ƙaramin rubutu kuwa ba ya karantuwa a nan. Hotunan na alluna ne da hannuwan yara, ban sa fuskar kowa ba, tunda ban nemi izinin iyayensu ba, kuma abin da ya shiga intanet ba ka da iko da shi kuma.

Na tabbatar da agogo tun kwana biyu kafin ranar. Na cika batirin kwamfuta da na waya, na sa kuɗin intanet na jika biyu a wayar daban don ko ta kwana. Na aika wa shugabar zaman shafukana tun da wuri, na ce in na ɓace ta nuna su da kanta. Na juya tebur na fuskanci taga, na ɗora kwamfuta kan littattafai har kyamara ta zo daidai idona, na sa abin kunne mai makirufo. Na gwada maganar sau huɗu ina ɗaukar muryata a waya, da agogo a gabana, har ta tsaya a minti 12. Uwargida kuma ta ɗauki nauyin yara da zakaran gidan.

Da aka kira ni, bayan gaisuwa sai na ba da labarin wata yarinya ƴar CP da ta karanta mini shafi guda ba tuntuɓe, na nuna mata kalmar ƙarshe ita kaɗai, ta dube ni, ta dubi rufin aji, ta fara jimlar daga farko a hankali tana ƙirgawa da yatsu. Daga nan na ce kowa ya buɗe makirufonsa. Na nuna musu jimlar Hausa da na rubuta da ajami, na faɗa, suka maimaita sau uku: kaza ta sha ruwa. Manyan malaman jami'a daga ƙasashe dabam-dabam suna ta kaza ta sha ruwa, ana dariya. Sai na nuna kalma ɗaya daga ciki ita kaɗai, na ce a rubuto mini wace ce. Wasu suka yi canke, yawanci suka yi shiru. Mutum biyu da suka san haruffan Larabci suka rubuto daidai. Na ce waɗannan biyun ne suka karanta, sauranku hadda kuka yi, kuma minti ɗaya da ya wuce duk kun ci maki ɗaya. Na ga kyamarori suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Rezo bai bar halinsa ba. Ina tsakiyar bayani hoto ya tsaya, na fita. Kafin minti guda na dawo ta waya, na bar kyamara a rufe domin murya kaɗai ba ta cin intanet kamar hoto, shugabar na juya mini shafuka. Ban ruɗe ba, saboda wannan karon na san abin da nake faɗi, ba haddace shi na yi ba.

Tambayoyi suka zo har lokaci ya ƙare. Wani ya tambaya ko ɗalibaina duka hanya ɗaya suka bi wajen gwada yaran. Na ce a'a, wasu a allo suka nuna, wasu a littafi, kuma wannan rauni ne a aikin da za mu gyara. Da farko na ji nauyin faɗin haka, amma na lura bayan wannan amsar ne aka fi sakin jiki da ni. Wata malama daga Burkina Faso ta ce za ta gwada a ajinta. Bayan mako biyu ta turo mini saƙon murya cewa ta ga abin da muka gani. Na kunna wa ɗalibaina saƙon a cikin aji. Wadda ta tare ni bakin ƙofa ba ta ce komai ba, ta dai buɗe littafinta ta ci gaba da rubutu.

Ƴan uwana malamai, da yawanmu muna da abin da muka gani a aji wanda masu manyan ofisoshi ba su gani ba. Da can nisa ne ya hana a ji mu. Yanzu nisan ya ragu, saura mu iya faɗi. Tun daga lokacin nake sa kowane ɗalibina ya ɗauki muryarsa a waya yana bayanin abu ɗaya cikin minti uku, ba takarda a hannu, mu saurara tare ba mu kallonsa. Wanda ya riƙe mu da murya kaɗai, aji ba zai gagare shi ba. Kuma waɗannan yaran, da na gidajenmu, gobe ta intanet za a yi musu tambayoyin neman aiki ko na neman gurbin karatu.

Ku kuma iyaye, ga abin da na je faɗa wa masana, ku kuka fi su buƙatarsa. Yau da dare in yaronku ya karanta muku darasinsa, ku sa yatsa kan kalma ɗaya daga ƙarshen shafi ku ce ya karanta ta. In ya yi shiru, kada ku dake shi, kada ku yi masa tsawa, ba laifinsa ba ne. Ku je ku sami malaminsa ku zauna, a koma kan haruffa da sautinsu tun da sauran lokaci. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.