Romon Ƙashi a Fukuwoka da Langaɓun Kirikasamma

A unguwar da nake zaune a birnin Fukuwoka, kudancin Japan, akwai wani shagon taliya da hanci ke riga ido isa gare shi. Ƙarni ne mai nauyi. Da na tambaya, aka ce mini ƙashin alade ne a kan wuta tun jiya, abincin kuma sunansa tonkotsu ramen: siririyar taliya a cikin romo fari fat kamar madara. Na yi a'uzubillahi na wuce. Amma kullum sai na ga mutane sun yi layi a ƙofar cikin tsananin sanyi, har abin ya tsaya mini a rai. Me ake nema a jikin ƙashi haka?

Asalin romon daga Kurume ne, wani gari kusa da nan, inda wata rumfar bakin titi mai suna Nankin Senryo ta fara sayar da shi a 1937. Farin kuma, in ji mutanen garin, kuskure ne ya haife shi a 1947: wani mai rumfa ya fita, wuta ta yi yawa, ya dawo ya tarar da romo ya yi fari, ya ɗanɗana ya ji ya fi na da. Har yau haka ake yi da gangan. A tafasa ƙashi sau ɗaya a zubar da ruwan farko, a wanke jinin tas, sannan a sa wuta mai ƙarfi, tukunya na tafarfasa awa 12 zuwa 18, har kitse da ɓargo da jijiya su narke su haɗe da ruwa. Nama yanka biyu ne sirara a saman kwano. Ƙashin kuwa bola ake kai shi.

Nan ne muka raba hanya da su. Mu ma a Kirikasamma mun san abin da ƙashi ke ɓoyewa. Washegarin Babbar Sallah Inna takan babbake kai da ƙafafuwan rago, ta kankare, ta ɗora langaɓu da citta da masoro da kanumfari da daddawa. Idan ya kwana a lokacin hunturu, da safe sai ka tarar ya daskare yana rawa a kwano. Abin da ya daskarar da shi, shi ne Bajapane ke kwana yana nema. Sai dai mu da zarar nama ya yi laushi an sauke tukunya, domin naman muke so, romo ɗan rakiya ne. Ka ba baƙo kwanon romo babu tsoka ka ga yadda zai dube ka. Ba banza ba muke kiran daɗin bakin da babu komai a bayansa romon baka. Aikin da tukunyar Kurume ke yi cikin awa 18, mu haƙori muke bar wa: a fasa ƙashi, a zuƙe ɓargo, a tauna guringuntsi.

Da na yi niyyar gwadawa a gida, ban sha wahalar neman madadi ba. Japanawa da kansu suna da farin romon kaza, tori paitan, a jihar Tottori kuma da ƙashin saniya suke yi. Na sayo ƙafafuwa da fukafukan kajin halal a wani kanti da ke ɓangaren Hakozaki, unguwar masallacin da aka buɗe a 2009. Giyar shinkafar da suke zubawa a ruwan ɗanɗano na bar musu kayansu. Inda suke sa busassun ƙananan kifaye, na gutsura bandar tarwaɗar da aka aiko mini daga kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda nake tattali kamar zinariya.

Taliyar ce ta ba ni dariya. Sirrinta wani ruwa ne da suke kira kansui, shi ke sa ta yin ɗorawa-ɗorawa da danƙo, ta ƙi lugwigwicewa a romo mai zafi. Da na bincika, ashe ɗan'uwan kanwa ne. Na jiƙa 'yar kanwar ɗanwakena, na tace, na kwaɓa fulawa da ita, na murza kamar taliya 'yar murji. Ta yi.

Awa shida romon ya yi a kan gas kafin ya yi fari. Na kira Inna ina ɗoki.

"Awa nawa ka ce?"

"Shida, Inna."

"Da itacen wa? Kai ɗan nan, ko babanka da ya yanka sa bai ƙona mini itace haka ba."

Gaskiyarta. A bakin kogin Haɗeja ruwa ba abin nema ba ne, wani lokaci har cikin ɗaki yake zuwa da kansa, kifi kuma yana nan duk da ciyawar kacalar da ta toshe hanyar ruwan Marma. Wuta ce mai tsada. Da damina itace jiƙaƙƙe ne, karan dawa kuma ci ɗaya yake yi ya zama toka. Macen da za ta dafa tuwon mutum goma sha biyar ba za ta ba ƙashi rabin yini ba. Ko a nan Japan ɗin, yawancin iyalai ba sa yin wannan romo a gida. Shago suke zuwa, su zuƙi taliya da ƙara, abin da in Inna ta ji sai ta kai wa mutum ranƙwashi.

Romon ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, yana manne wa leɓe, ƙanshin banda na tashi ta ƙarƙashinsa. Da na tace, ƙasusuwa suka taru a rariya, na tsaya da su a gaban kwandon shara, hannuna ya ƙi saki. Na juye su a faranti, na barbaɗa yaji, na zauna na sa guda a baki. Ya ruguje kamar alli, babu ɗanɗanon komai.