Lambar Da Ke Kan Murfin Inji



Shekara uku da suka wuce muka haɗa kuɗi, mu uku 'yan ɗaki ɗaya, muka sayi Corolla 'yar Kwatano ƙirar 2005. Ƙaninmu ke jigila da ita tsakanin Kano da Zariya. Da ita ake cefane, da ita ake sayen maganin hawan jinin Hajiya.

Ranar juyen farko bakanikenmu ya ce, "Ku zuba baƙin mai mai kauri, ƙasarmu akwai zafi." Muka sayo 20W-50, irin wanda muka taso muka ga Baba yana zuba wa Fijo 504. Alhali a kan murfin da ake buɗewa a zuba man an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro. Mun sha buɗe shi, ba mu taɓa tambayar ma'anarsa ba.

Sai daga baya muka gane. Lambar farko, mai W, tana nuna saurin gudun man idan inji ya yi sanyi. Ƙarancinta shi ne saurinsa. Ta biyun kuwa kaurinsa ce bayan inji ya ɗau zafi. Idan mota ta kwana, man yakan koma ƙasa ya kwanta. Kana tayar da ita da asuba, kafin ya hau sama, ƙarafa na gugar juna da ɗan abin da ya rage a jikinsu. A nan inji ke yawan cinyewa. Mai kauri yakan yi nawa, musamman da sanyin hunturu. Tsohon inji irin na Fijo yana jure masa, amma na Corolla an ƙera shi a matse, hanyoyin mansa ƙanana ne.

Motar ta yi ta faɗa mana. Kowace safiya sai ta yi ƙara kar-kar-kar kafin ta daidaita, mu ce ai halin tsohuwar mota ne. Laifinmu bai tsaya nan ba: muna jinkirta juye, wani lokacin mu sayi man awo a bakin titi saboda araha. Ashe araha ba ta ado.

A shekara ta uku ta fara hayaƙi tana shan mai. Aka sauke inji. Sati biyar tana gareji, muka ci bashi, har maganin Hajiya sai da ya yanke kwana huɗu. Wannan ne ya fi yi mana ciwo.

Ba mu riƙe bakanikenmu a zuci ba, abin da ya koya a wajen ubangidansa ya faɗa. Mu da muka yi boko ne muka kasa karanta ɗan rubutun da ke gabanmu.

Yanzu abin da ke kan murfin muke zubawa, kuma ba ma wuce lokacin juye. Mai mota ko adaidaita a cikinmu, ya duba murfinsa ko littafin abin hawansa kafin juye na gaba. Allah Ya tsare mana hanyar abincinmu.