Turaren kakar Turai a ƙasar Gangara

A Gangara ta ƙasar Gazawa, cikin jahar Maraɗi, hanci ne ke fara ba da labarin kaka: ƙamshin sabon gero a kan wuta, gyaɗar da aka tuge da damshinta, da ayar da aka baza tana shan rana. A irin wannan lokaci ne wani mushen lakwal na garin ya samu tsaraba daga ƙanensa, ɗan kasuwar da ke sayen aya yana kaiwa Maraɗi. Kwalbar turare ce, Khamrah Qahwa, wadda kamfanin Lattafa na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya fitar a 2023.

Da mushe ya fesa a wuyan hannu, kirfa da citta ne suka fara tarbarsa, kamar ya zauna teburin mai shayi da asuba. Bayan ɗan lokaci zaƙi ya taso irin na alewa, sa'an nan daga ƙarshe gahawa ta bayyana, ta kama hannun riga har washegari. Ƙanen ya ce masa irin wannan ne ake kira turaren kaka a Turai, wanda ake sawa in ganye ya fara zuba, sanyi ya kawo kai. Can ma akwai Black Opium na 2014 mai ƙamshin gahawa, da Angels' Share na 2020 da aka yi wa ƙamshin barasar Cognac.

Amma kakar Turai daban, ta Gangara daban. A nan watan Oktoba zafi ne da gumi. Ranar da mushe ya shiga aji da turaren, kafin hantsi zaƙin ya cika ɗakin, ya hau masa kai, yara suna ta waige-waige.

Abin da ya fi damunsa shi ne mahaifinsa. Tsohon ya ɗauki kwalbar, ya sa aka karanta masa sunan, ya ce: "Kai, wannan ai ɗan'uwan hamru ne, sunan giya da Larabci. Da shi za ka shiga sahu?"

Mushe ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ba a sha, shafawa ake yi."

Ya san yawancin turaren fesawa da alkol ake haɗa su, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsu. Ya san har kalmar gahawa, a tsohon Larabci, an taɓa kiran giya da ita. Amma bai ga dalilin ja da mahaifi a kan kwalba ba.

Tun daga ranar ya raba wa kowane turare aikinsa. Ran Juma'a Bintu Sudan yake shafawa, na mai wanda babu alkol a cikinsa, wanda aka sani tun shekarun 1920, kuma da shi tsohon ya saba. Kwalbar ƙanen kuwa ya adana ta cikin akwati sai da ɗarin Disamba ya sauka. A wannan sanyi, fesawa ɗaya tak a kan babbar riga, zaƙin ya kwanta, gahawar ta fito sosai.

Wata safiya tsohon yana jin ɗumi bakin wuta, mushe ya durƙusa ya gaishe shi. Ya shaƙa, ya yi shiru, can ya ce: "Wannan na yau ya fi hankali." Mushe bai faɗa masa kwalbar nan ce dai ba.