Numfashi Kafin Naushi

Mu huɗu ne a ajinmu muke koyon damben zamani a nan Maraɗi. Da farko mun zaci ƙarfin hannu shi ne komai. Ashe ba haka ba ne. Turmi ɗaya minti 3 ne, hutu minti 1, amma kafin minti 2 numfashinmu ya ƙare, hannuwa suka yi nauyi. Mai koyar da mu ya ce: "Samari, wanda ya gaji ko yaro sai ya kayar da shi."

Sai muka fara gudu bayan sallar Asuba, mu yi tsallen igiya, mu naushi buhun rairayi. To fa, barci ya riƙa ɗaukar mu a darasin Nahawu, hadda ta ja baya. Malam ya ce ko mu gyara ko mu bar damben. Wallahi hankalinmu ya tashi. Muka daina hirar dare, da an yi Isha'i sai kwanciya. Gudun ma muka ɗauke shi kamar hadda: kaɗan-kaɗan kullum, ba fashi. Yanzu muna gama turmi 3 da sauran numfashinmu, haddarmu kuma ta dawo.