Kwana 14 Kafin Girbi

A duk shekara, idan dogon hutu ya ƙarato, akan ga ɗaliban injiniya da na aikin gona suna ta kai-kawo a harabar jami'a, kowa riƙe da takardar neman gurbi a wani kamfani. Wannan shiri na koyon aiki, wanda aka fi sani da SIWES, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1973, bayan masu kamfanoni sun yi ta kukan cewa makarantu na yaye waɗanda suka san littafi amma ba su san inji ba. Mu kuwa masu koyar da harshe da adabi, galibi 'yan kallo ne a wannan hidima, domin ba kasafai kamfani kan aiko neman wanda ya naƙalci karin magana ba.

Saboda haka abin ya ba ni mamaki a shekarar 2023, da wata ɗalibata 'yar aji uku ta samo wa kanta gurbin wata uku a wani babban kamfani da ke unguwar masana'antu ta Ikeja, a Legas. Aikin kamfanin shi ne ɗura maganin feshi a kwalabe da rarraba shi ga dillalai, musamman na Arewa. Abin da zan kawo a nan na tsinto shi ne daga bakinta da kuma littafin da take rubuta aikin kowace rana.

Makonni huɗu na farko ba su da wani armashi. Takan tashi tun kafin asuba don ta sami mota, ta yini tana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, wani lokaci a aike ta sayen abinci. Ba wanda ya damu da sanin sunanta. 'Yar Aiti kawai ake ce mata, kamar sauran 'yan koyo. Inda take samun sakewa shi ne bakin ƙofa, wurin direbobin manyan motoci da masu lodi, waɗanda yawancinsu Hausawa ne, kuma manoma ne idan damina ta faɗi. A nan ne shugabar sashen talla ta ji ta tana gaisawa da su, ta kira ta, ta miƙa mata takardar da ake liƙawa a jikin kwalba, ta ce ta duba ɓangaren Hausa ko da kuskuren rubutu.

Abin da ta fara gani shi ne babu haruffa masu lanƙwasa ko ɗaya, alhali duk ɗalibin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin bari da ɓari. Wannan kuwa mai sauƙi ne, domin mai karatu kan cike giɓin da kansa. Babbar matsalar tana cikin wata jimla da ba ta da kuskuren rubutu ko kaɗan: "A fesa kwana 14 kafin girbi." Abin da Turancin ke nufi shi ne, idan an yi feshi, to kada a girbe sai kwana 14 sun cika, domin maganin yana buƙatar lokaci kafin ƙarfinsa ya mutu a jikin amfanin gona. Wato mai fassarar ya ɗauki hani ya mayar da shi umurni. Illar ragowar magani a abinci kuwa ba tatsuniya ba ce: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a cikinsa. Wanda Turai ta ƙi, mu ne muke dafa shi.

A daren nan ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam, in na yi magana za a ce 'yar koyo ta wuce gona da iri, ga shi kuwa wanda ya yi fassarar an riga an biya shi. In na yi shiru kuma, gidanmu manoma ne." Haƙiƙa tsoronta yana bisa hanya, domin ɗan koyo baƙo ne, kuma sa hannun da yake jira a ƙarshen wa'adi yana wurin wanda zai ɓata wa rai. Na dai tuna mata abin da muke maimaitawa a aji, cewa alƙalin fassara shi ne wanda aka yi ta dominsa.

Kashegari ta ɗauki takardar ta nufi bakin ƙofa, ta karanta wa mutum biyar jimlar, kowa shi kaɗai, ta tambaye shi abin da ya fahimta. Huɗu suka ce kamfani na so a ƙara feshi idan girbi ya matso. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "'Yar nan, ai magana a fili take. Cewa aka yi a fesa, kuma in mutum ya makara da kwana biyu ko uku, sai ya fesa abinsa, gara a makara da a ƙi yi." Ta ce, "Baba, to awon fa?" Ya yi dariya ya ce shi bai san hekta ba, abin da ya sani shi ne murfi nawa ake zubawa a tankin goyo.

Ba ta shiga ofis da kuka ko zargi ba. Sai ta rubuta shafi guda, ta raba shi gida uku: ga Turancin asali, ga Hausar da aka buga, ga kuma ma'anar Hausar in an mayar da ita Turanci. A ƙasa ta kawo amsoshin mutanen nan biyar, sannan ta ba da tata jimlar: "Kada a girbe sai bayan kwana 14 da yin feshi." Shugabar ta karanta har sau biyu, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa ya sa ki wannan aiki?" Ta amsa, "Ke ce, Madam."

Mai karatu zai so ya ji cewa nan take aka janye kaya aka yi mata kyauta. Ba haka manyan kamfanoni suke tafiya ba. Takardar ta yi mako uku tana yawo tsakanin sashen talla da na lauyoyi da na kuɗi, kowa na lissafin abin da gyaran zai ci. A ƙarshe aka liƙa 'yar ƙaramar takarda mai ɗauke da sabuwar jimlar a kan kwalaben da ke sito, aka kuma gyara bugu na gaba. Waɗanda suka riga suka hau mota kuwa sun tafi ke nan. A takardar sallamarta an rubuta cewa tana zuwa aiki a kan lokaci, kuma tana da ladabi.

Tun a shekarar 1929 aka kafa Hukumar Fassara a Arewa, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, amma har yau akwai wuraren da ake ɗaukar Hausa a matsayin ɗan ƙarin ado a gefen kwalba, wanda duk mai jin gaisuwa zai iya yi. Ɗalibar nan ta tafi Legas ne don ta ga yadda manya ke aiki, ta kuwa gani: ta koyi cewa gaskiya a irin wannan gida sai an rubuta ta a shafi guda, an kawo mata shaidu, sannan a yi haƙurin jiran ta. Yanzu takan ce a aji, duk wanda aka ba jimla ya fassara, to ya fara tambaya, wa zai karanta ta, kuma me zai tashi ya aikata bayan ya karanta.