Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Kason Abuja

Da wuya a yi hirar arzikin Arewa a tashi ba wanda ya ambaci dalar gyaɗa. Hoton ya zauna wa kowa a rai, har waɗanda aka haifa bayan ta ɓace: buhuna jere bisa buhuna sun yi tsini sama, leburori na hawa da kaya a ka. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Wani ɓangare na dalilin tsayin dalar nan shi ne jirgin ƙasa ya gaza. Bayan yaƙin duniya na biyu kawunan jirgi da taragu sun yi ƙaranci, gyaɗar bara tana nan a jibge a Kano ta bana ta zo ta tarar da ita, a lulluɓe da tamfol, ƙwari suna cin rabonsu. Abin alfahari ne, kuma shaidar cikas ce tun a wancan lokaci.

Cinikin duniya ba baƙon Kano ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Da dogo ya iso a 1911, auduga Turawan Ingila suka sa rai, don masaƙun Lankasha na jiranta. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya cinta. Suka karkata can. Fataken goro, waɗanda suka riga suka san bashi da amana da hanyoyin ƙauye, su suka zama dillalan kamfanonin Turawa. Babbansu Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara da fataucin Gwanja. Shi ne ake ba da labarin ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya da aka buɗe banki a Kano a 1929.

Amma a bar attajiri, a je bakin sikeli. Kaka ta yi, manomi ya ɓare gyaɗarsa, ya ɗora wa jaki, ya nufi wurin awo. Can zai tarar da akawu da littafinsa, da 'yan baranda da ke tare mutane tun a hanya, da sikelin da kullum ake zargin an taɓa shi. Farashi ba a bakinsa yake ba, ba kuma a bakin mai saye ba. Tun daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ke yanka shi, daga 1954 kuma hukumar ta koma hannun Gwamnatin Jihar Arewa. Ta saya a hannun manomi da araha, ta sayar a Turai da tsada, abin da ya ragu a tsakani ya shiga baitulmali. Kafin kuɗin su yi ɗumi a aljihu mai unguwa ya iso da zancen haraji, Bafulatani kuma jangali na jiransa. Wanda ya kasa biya ya san abin da dogarai da 'yan doka za su yi masa. Duk mai son ya ce zamanin nan aljanna ne, ya tambayi dalilin da ya sa jam'iyyar NEPU ta samu jama'a tun kafuwarta a 1950.

Duk da haka akwai wani abu a tsarin nan da muka rasa, kuma shi ne ya sa nake wannan waiwaye. Mai mulki yana buƙatar manomi. Idan damina ta ƙi, baitulmalin Kaduna sai ya ji a jikinsa. Shi ya sa ake tura malaman gona ƙauye, ake binciken iri a Samaru, ake gyara hanyar da motar gyaɗa da auduga za ta bi. Ba tsabar tausayi ba ne, lissafi ne. Daga gumin nan aka samu abin da aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yamma tana yin nata da koko, Gabas da manja da ƙwarar kwakwa. Kowace jiha da kundin tsarin mulkinta da wakilinta a Landan, kuma rabin kuɗin da aka samu daga ma'adinai yana komawa inda aka haƙo su. In ana son a gane inda ƙarfi yake a lokacin, a dubi Sardauna: shi ne shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye a ƙasar, amma ya zauna Kaduna, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa kujerar Ikko. Yau wane gwamna ne za a miƙa wa Abuja ya ce a kai kasuwa?

Mai ne ya juya komai, shi da soja. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, amma sai bayan yaƙin basasa ya zama uban tafiya. Kafin nan Gowon ya riga ya tsaga jihohi huɗu zuwa 12 a watan Mayun 1967. Dokar man fetur ta 1969 ta damƙa dukan man ƙasar a hannun gwamnatin tarayya, rabin nan da ake mayar wa mai ƙasa aka yi ta zaftare shi har ya koma abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba a farkon shekarun 1980. Jihohi suka ci gaba da haihuwa: 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace sabuwa ta zo da sakatariya da ayarin motoci, kuma kusan babu wadda za ta iya ciyar da kanta.

A 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, a shekarar da naira ta maye gurbin fam. Sai ga rahoton kwamitin albashi na Udoji. Ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas, aka yi ta sayen babur da rediyo da talabijin, aka yi ta ƙara aure. A 1975 jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas, yawancinsu ɗauke da siminti, ana biyansu kuɗin jira, simintin yana daskarewa a ciki. A daidai wannan lokaci fari ya ƙona Arewa a 1972 da 1973, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Da a ce shekaru goma baya abin ya faru, da gwamnati ba ta yi barci ba sai ta farfaɗo da noman. A lokacin kuwa ba ta da matsuwa. Naira ta fi dala ƙarfi, shinkafa da alkamar waje sun fi na gida araha, ɗan manomi ya ajiye fartanya ya tafi birni leburancin gini. Ƙasar da ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa ta daina fitarwa, ba tare da wani ya rasa kujerarsa a kan haka ba.

Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979, talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci murnar, don an daɗe ana wulaƙanta su da sunan harajin nan. Amma abin da ya sa sokewar ta yiwu shi ne kuɗi sun daina fitowa daga ƙasa, daga sama suke saukowa duk ƙarshen wata. Wanda ba ka karɓar komai a hannunsa, ba dole ba ne ka saurare shi sai ranar zaɓe.

Daɗin bai daɗe ba. Mai ya faɗi, Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, a 1983 aka kori baƙin haure, mafi yawansu 'yan Gana. Buhari ya canza launin kuɗi ya rufe iyakoki a 1984, mutane suka koma layin madara da sabulu, 'yan'uwanmu na Nijar kuma, da fari ya haɗu musu da rufin iyaka, suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Babangida ya bari jama'a suka yi muhawara suka ƙi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sannan a 1986 ya ɗauko sharuɗɗan asusun ya aiwatar da hannunsa da sunan SAP. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki. Manomin auduga ya huta da mai danne masa farashi, amma ya rasa mai ba shi iri mai kyau da mai tantance kaya. Auduga ta fara zuwa masaƙa da ƙasa da duwatsu a ciki.

Masaƙun ne suka fi daɗewa suna numfashi. Wanda ya san Kakuri a Kaduna a shekarun 1980 ya san yadda titi ke cika da kekuna idan an tashi daga aiki, wata tawaga na fita wata na shiga, masu tuwo da masu shayi da masu gidan haya duk suna ci a ƙarƙashin albashin nan. Haka Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Atamfar Najeriya ce ake fasa-ƙwaurinta zuwa maƙwabta. Sai Najeriya ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 1995, ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, a farkon 2005 kuma aka kawo ƙarshen ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa. Kaya suka juya hanya: daga Kwatano da Lome su hau Nijar, su sauko ta Maraɗi. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta tsaya a 2007. (Wani abin lura: ita UNTL ɗin ma Basine ne daga Hong Kong ya kafa ta a shekarun 1960. A lokacin masaƙa suke kawo mana, ba dila ba.)

Ana yawan ɗora wa Sinawa laifin, har an kama wasu 'yan kasuwarsu a Kantin Kwari a 2012, marinan Kano kuma sun yi zanga-zanga a 2015. Ni dai ban ga yadda masaƙar da ke tafiya da janareta da baƙin mai mai tsada, da injinan da suka tsufa, za ta yi gasa da wadda wuta ba ta ɗauke mata ba. Kuma 'yan kasuwarmu ne da kansu suka riƙa ɗaukar samfurin zane suna kaiwa Guangzhou a buga musu. Yau ma ba sai an je ba: a ɗauki hoton zanen a waya, a tura ta WhatsApp, a jira kwantena. Matar da a da sai da sallah take ɗinka sabuwar atamfa yanzu tana ɗinka 'yar Chaina uku, ita ba ta ga asara ba. Asarar tana kan mijinta da ya koma acaɓa. A 1980 abin da ɗan Najeriya ke samu a ƙiyasi ya fi na Basine. Su sun buɗe ƙofarsu don su sayar, mu mun buɗe tamu muka tsaya a layin masu saye.

Attajirai ba su ƙare ba, wuri suka canza. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Dukiyar kakan a bakin dogo ta taru a Kano; matatar man da jikan ya ƙaddamar a 2023, mai tace ganga 650,000 a rana, a Lekki take, bakin teku.

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ake ta taron gyaran ƙasa. Obasanjo ya kira nasa a 2005, wakilan yankin mai suka fice saboda an ƙi ba su abin da suka nema sama da kashi 13 cikin ɗari da tsarin mulki ya ba su, ragowar gyaran kuma ya mutu tare da tazarce a Majalisar Dattawa a 2006. Jonathan ya tara wakilai 492 a 2014 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, a shekarar da aka sake lissafi aka ce tattalin arzikinmu ya fi na kowa a Afirka. Rahoton yana nan a ajiye. Duk wanda ya bi muhawarorin nan zai ga inda murya ke tashi: wa zai samu nawa. Da zarar an ce sake fasalin ƙasa, ɗan Kudu ya ji an ce zai riƙe nasa, ɗan Arewa ya ji an ce za a yanke masa. Haka aka sake yi a ƙarshen 2024 da gwamnonin Arewa suka tashi tsaye kan yadda za a raba harajin kayan masarufi. Jikokin mutanen da suka fi kowa dagewa a kan kowace jiha ta riƙe ikonta a shekarun 1950 su ne yau suka fi kowa tsoron hakan.

Ƙananan gyare-gyare sun fi manyan tarukan tasiri. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon yin wutar lantarki da shimfiɗa dogo da kansu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Cire tallafin mai da sakin naira a 2023 sun kumbura kason gwamnoni a takarda, a daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024 kuma mudun masara ya gagari mai albashi.

Ƙasar kuwa ba ta daina fitar da kaya ba. A je Dawanau da kaka a ga tireloli suna lodin riɗi da zai ƙare a Japan da Turkiyya, da zoɓorodon Jigawa da ake kaiwa har Meziko, da cittar kudancin Kaduna. Ɗanye suke tafiya, kamar yadda gyaɗa ta riƙa tafiya, kuma kwamishinan kuɗi na jihar da aka noma su zai iya rubuta kasafin shekara guda cur bai tambayi nawa buhu yake ba.