Ƙarar Bindiga: Abin Alfahari a Ɗan Iya, Abin Kunya a Finlan

A unguwarmu ta Ɗan Iya cikin birnin Bauchi, da kunne ake auna bindiga. Ranar hawan Sallah, tun ba a hango lemar Sarki ba, rugugin bindigogin toka ne ke sanar da mutanen cikin gida cewa an taso daga Idi. Dawaki su zabura, hayaƙin albarushi ya turnuƙe layi, yara su toshe kunne suna tsalle. Wanda tasa ta yi fus ta ƙi tashi kuwa, ya samu abin tsokana har Sallar baɗi. A garin Yo'ensu na gabashin Finlan, inda nake zaune yanzu, maharbi kuɗi yake zubarwa don bindigarsa ta rage murya, kuma wanda ya je farautar taro da bindiga mai ƙara tsirara, abokan tafiya kan dube shi kallon wanda bai san ya kamata ba.

Abin da suke ɗaurawa a bakin bindigar, salansa ce, kuma aikinta ɗaya da ta babur. Gwangwani ne na ƙarfe mai ɗakuna-ɗakuna a ciki. Iskar wutar da ke biyo bayan harsashi, maimakon ta fashe waje lokaci guda, sai ta yi ta ratsa ɗakunan tana hucewa kafin ta fita. Wani Ba'amurke mai suna Hiram Percy Maxim ne ya yi mata rajistar mallaka a 1909, kuma kamfaninsa ya ƙera salansar injuna ma. Sunan nan na Maxim ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta a 1884, wadda sojojin Ingila suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903, suka kuma kai ta Burmi, a jihar Gombe ta yanzu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Uban ya ƙare rayuwarsa da kurumta saboda gwajin bindigogi, ɗan kuma ya nemi maganin ƙarar.

Finafinai sun yi wa mutane ƙarya a kan wannan abu. A fim, bindiga mai salansa tari kawai take yi, mutum ya faɗi, na ɗaki na gaba bai ji ba. A zahiri bindigar farauta mai ƙarfi tana kai desibel 160 ko fiye, salansa mai kyau kuma tana zaftare 20 zuwa 35. Abin da ya saura har yanzu ƙara ce sosai, sai dai ta sauko kusa da 140, iyakar da masana ji suka ce daga nan harbi ɗaya ma na iya lalata kunne.

Akwai kuma ƙara ta biyu da salansa ba ta da iko a kanta. Duk abin da ya fi sauti gudu yakan tsaga iska da wani tas mai kaifi, irin wanda bakin bulala ke yi idan aka kaɗa ta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin gari yana maki 20, alhali harsashin farauta na yau da kullum yana wuce mita 800. Don haka mai neman shiru na gaske dole ya rage wa harsashinsa gudu ya koma ƙasa da na sauti. Yanayi ma yana da ta cewa a nan. A zafin watan Afrilu na Bauchi, maki 40, sauti yana kai mita 355. A sanyin Janairu na Yo'ensu, maki 20 ƙasa da sifiri, yana sauka wajen 319. Harsashin da ya fita lami lafiya da damina sai ya koma yin tas da hunturu, alhali ba a canza masa komai ba.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ya fahimtar da ni sauran. A ɗakin ajiyarsa na bayan gida yake narka dalma a 'yar tukunyar lantarki, ya zuba a ma'auni, ya fitar da harsasai masu nauyi. Da na ga haka sai maharbanmu suka faɗo mini a rai, su ma da gwangwani da gawayi suke narka tasu. Dalilinsa a fili yake. Harsashin kamfani an lulluɓe shi da rigar tagulla don ya jure gudu mai tsanani. Wanda zai tafi a hankali ba ya buƙatar rigar, kuma tunda an rage masa gudu, nauyi ne kaɗai zai ba shi ƙarfi. Dalma kuwa tana da nauyi, tana da arha, tana narkewa a maki 327. Da irin waɗannan yake atisaye a filin harbi duk shekara. Babbar dabbar dajinsu, wadda suke kira hirbi, da ta fi gwankin Yankari girma nesa ba kusa ba, doka ta gindaya nauyi da ƙarfin harsashin da za a harbe ta da shi, kuma mai tafiyar hawainiya ba ya cika sharaɗin.

Wurin zaɓen salansa ne mai harsashin dalma yake rabuwa da sauran maharba. Yawancinsu mai sauƙin nauyi suke nema, wadda ba za ta rinjayi bakin bindiga ba a doguwar tafiya cikin dusar ƙanƙara, ko da an like ta ba a buɗewa. Shi kuwa tambayarsa ta farko a kanti ita ce: tana kwancewa? Dalma tsirara da man da ake shafa mata suna barin dauɗa a ɗakunan ciki, kullum tana ƙara kauri, salansar ta yi nauyi, aikinta ya ragu. Harsashin kamfani mai gudu yana zuwa da zafin da ke rage taruwar dauɗa, na dalma mai sanyin tafiya ba ya yi. Wadda ba a iya buɗewa a kankare, ranar da ta cika ta gama aiki. Daga nan sai maganar ƙarfen da aka yi ta da shi. Alminiyam ba ya da nauyi kuma ya fi arha, amma ba ya jure kankara da magungunan wanki masu kaifi. Baƙin ƙarfe marar tsatsa ya fi nauyi, sai dai ana dirzarsa yadda aka ga dama. Tunda a teburin filin harbi yake yawan zama, nauyin bai dame shi ba.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne harsashi ya taɓa bangon ciki. Dogon harsashi mai nauyi da ke tafiya a hankali, idan murɗaɗɗen zanen cikin bututun bindigar bai juya shi da saurin da ya isa ba, yakan fito yana tangaɗi, ya doki ɗakunan salansa ya farfasa su. Wasu harsasan dalma kuma ana sa musu 'yar hular tagulla a gindi, wadda kan iya suɓucewa a ciki ta yi ɓarna. Shi ya sa duk sabon zubin da ya yi sai ya fara harba shi a takarda ba tare da salansa ba, ya duba ko ramin ya fito zagaye sumul. In ya ga ya yi tsawo, harsashin a karkace ya shiga, ba zai kusanci salansarsa ba. Ya kuma fi son mai rami da ɗan faɗi fiye da harsashin, ko da za ta ɗan fi ƙara. A 'yan shekarun nan ya koma gasa wa harsasan wani fenti na gari a jiki, ya ce dauɗar ta ragu ƙwarai. Ni dai abin da ya ba ni mamaki, duk wannan ɗawainiyar mutum ɗaya ne ke yin ta don huda takarda a nisan mita ɗari.

Ba a ɓoye ake sayen abin ba. A wannan garin akwai kamfanin Ase Utra da ke ƙera salansa, kuma duk mai lasisin bindiga yana iya shiga kanti ya saya. A Norwe ma ba a neman wani izini na daban. Jamus ta sassauta wa mafarautanta a 2020. Amurka, duk da yadda bindiga ke yawo a can, ita ce ta fi tsaurarawa: dokar 1934 ta ɗora wa salansa rajista da harajin dala 200, kuɗi mai tsoka a wancan zamani, kuma har yau wasu jihohi irin su Kalifoniya da New York sun haramta ta. Wannan ya nuna mini cewa yawan bindiga daban, yarda da mai bindiga daban.

Yardar nan ita ce asalin bambancin. Finlan tana da mutane miliyan 5.6, mafarauta kusan 300,000, kuma babu wanda ya shiga daji sai ya ci jarrabawar farauta. Mai son harbin hirbi sai ya ƙara da gwajin saiti, wanda ake sabuntawa duk shekara uku. Ƙungiyar farauta ta ƙauye ta san adadin dabbobin da aka ba ta izini, ta san wa ya fita yau. Idan manomi ya ji harbi a bayan gonarsa, ya san maƙwabci ne. Ƙarar ba ta ɗauke da wani labari, damuwa ce kawai ga masu hutawa a bukkokin bakin tafki, da kuma baƙaƙen karnukan Kareliya da ke tsare dabba da haushi har maharbi ya iso. Kare mai aiki da kunne, in aka yi ta harbi a kansa, ba ya daɗewa yana aiki.

A wurinmu ƙarar tana da aiki. Manomin da ke kwana a gona a ƙasar Alkaleri yana harbi sama don ya kori birai da giwayen da ke fitowa daga Yankari, kuma albarushi kaɗai ya ishe shi, ba ya ma buƙatar harsashi. 'Yan sintiri suna sakin ɗaya da tsakar dare don ɓarawo ya san gari ba barci yake ba. Masu gadin dajin Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba su da idon da zai game shi, sau da yawa ƙarar harbi ce ke nuna musu inda mai farautar sata ya ɓuya. Mafi girma duka, a ƙauyukan da masu garkuwa da mutane suka addaba, harbin farko shi ne ke ba mata da yara 'yan mintunan gudu. Na taɓa faɗa wa dattijon haka, ya ce ai bindiga mai salansa ma ana jin ta. Gaskiya ne, amma daga nesa ba a gane ta ina ta fito, musamman in harsashin ba ya yin tas. Jihar da sai da ta dogara da irin marigayi Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, wajen bin sawun 'yan fashi cikin daji, ba ta da buƙatar abin da zai ƙara ɓoye mai harbi. Dokar bindigogi ta 1959 ta bar wa maharbin gargajiya bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma irin wannan bindigar, da hayaƙinta da tarkacen ƙarafan da ake cusa mata, ba ta ma karɓar salansa. A ganina a bar ta haka.

Inda ban yarda da mutanenmu ba shi ne kunne. Kunnen Bahaushe da na Bafinlande halitta ɗaya ce, kuma jijiyoyin ji na ciki in suka mutu ba sa farfaɗowa. Wani kawuna da ya yi shekaru yana bin ayarin farauta, sai an tsaya ta damansa an ɗaga murya yake amsawa. A gida ana cewa tsufa ne, wasu su ce mutanen ɓoye ne suka mare shi a dawa. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, kuma haka yake faruwa ga duk mai kafa bindiga a kafaɗar dama, domin shi ke fuskantar bakinta. Ga kuma gasar wa ya fi ƙara, wadda ke sa matasa danna albarushi fiye da kima a bututun da maƙerin gari ya haɗa. Yatsu nawa aka rasa ta haka, kowace unguwa tana da nata labarin.

Dalmar ma haka. Maƙwabcina yana narka tasa ƙofa a buɗe, da safar hannu, ba ya ci ba ya sha a wurin, jikokinsa kuma ba sa shiga ɗakin. Namu a tsakar gida ake yi, kusa da murhu, yara na wasa da ɓurɓushin. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Tushen ya bambanta, gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin kamuwa. Denmak ta hana farauta da ƙwayoyin dalma tun 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu daga Fabrairun 2023.

Saboda haka roƙona ga Sarakunan Baka da shugabannin 'yan bindigar fada a Bauchi bai kai maganar salansa ba. Robar toshe kunne irin ta ma'aikatan masana'anta ana samunta wurin masu sayar da kayan aikin gini, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A raba wa kowane ɗan bindiga kafin hawan Sallah mai zuwa, a sa babba ya riƙa auna albarushin da yara ke ɗurawa, a kuma fitar da narkar dalma daga tsakar gida zuwa bayan gari.